Kwanan Wata

Aikina a kotun Tawa shi ne rubuta kwanan wata.
Shekara goma sha tara ina yi,
har ɗan yatsana ya yi kanta.
Mutane na ɗauka ado ne,
'yar lambar nan da ake liƙawa a saman takarda.

Ran Litinin aka shigo da Nomau Hankurau,
mai amalanken jaki, mutumin Kalfu.
Warin albasa da warin kaso
sun kwana goma sha ɗaya suna kokawa a rigarsa,
kaso ya yi kaye.

Laifinsa, in ji takardar komisariya:
ya ratsa titin babbar kasuwa da amalanke,
alhali an hana.

Mai shari'a Tasalla ba ta ɗaga murya.
Ta ce, Ina hanin?
Aka miƙo. Ga hatimi, ga sa hannu mai doguwar wutsiya.
Ta ce, Magatakarda, karanta mani can sama.
Na ce, Laraba, tara ga wata.
Ta ce, Yaushe ya ratsa?
Na ce, Lahadi, shida ga wata.

Fanka kaɗai ke magana a ɗakin,
ita ma ƙugi take.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe, ya gyara riga.
Bai yi ƙarya ba, Allah na gani:
amalankai na toshe hanya,
ran nan saura ƙiris jakin ya take wata yarinya mai tallar ƙosai,
kuma kowa ya san abin bai dace ba tun ba yau ba.

Ta ce, Kowa ya sani.
To a wace aya aka rubuta kowa?
Shingen da aka kafa ran Laraba
ba ya tare akuyar da ta wuce ran Lahadi.
Ba a haƙa rami a sawun mutum
sannan a ce jiya ya faɗa.
In doka na so a ji tsoronta,
ta riga mutum isa bakin hanya,
ta tsaya inda ido zai gan ta.

Nomau bai gane an sake shi ba
sai da jandarma ya taɓa masa kafaɗa.
Ya kai ƙofa, ya juyo,
ya tambayi ɗakin gaba ɗaya, ba mutum guda ba:
Albasata hwa?
Buhu takwas, a farfajiyar komisariya, cikin rana,
na bashi ne, na wani Alhaji Jadi.
Muka duba littafi. Babu aya a kan wannan.
Kwana goma sha ɗayan ma babu mai mayar masa.

Ni kuwa hannuna rawa yake, ba don shi ba.
Da daɗewa, ina sabon ɗauka,
wani babba ya sunkuyo kan teburina,
turarensa ya riga shi isowa,
ya ce, Wannan tara ɗin, mai da ita uku.
Na mayar.
Alƙalami bai yi gardama ba, takarda ba ta yi kuka ba.
Wani tela ne daga Wadata, na tuna hularsa, ban tuna sunansa ba.
Wata shida ya yi
a kan kwana shidan da na sata da yatsu uku.

Da la'asar na hangi Nomau ta taga
yana jan jakinsa, amalanke wayam,
ya kauce wa titin kasuwa, ya bi ta lungu,
don yanzu an hana, kuma ya ji.

Na koma kan takardata.
Litinin, ashirin da ɗaya ga wata.
Na rubuta a hankali,
na bar tawada ta bushe
kafin in bar kowa ya matso.